Gonar Itace Daban, Daji Daban

 



An ɗora mini nauyin yin magana a kan dashen itatuwa, da ko zai iya dawo mana da dajin da ya ƙare a ƙasar Borno. Amsata ita ce zai taimaka ƙwarai, da sharaɗin mu san matsayinsa. Gonar itace daban, daji daban. Idan muka haɗa su a suna ɗaya, za mu zuba kuɗi da ƙarfi shekara da shekaru, ranar da muka waiwaya mu ga layukan itace iri guda a tsaye, dajin kuwa bai dawo ba.

Babu garin da ya fi Maiduguri cancantar a yi wannan zance a cikinsa, domin inuwar da garin nan yake zaune a ƙarƙashinta dasa ta aka yi. Lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa a 1907, babu dogon yaro a ƙasar Borno. Asalin itacen nan ƙasar Indiya da maƙwabtanta. Ta Gana ya biyo, aka kawo shi lardin Borno a 1928, ya karɓi ƙasar, daga nan ya bazu ko'ina a Arewa, wasu na ce masa darbejiya, wasu maina. Mutanen da suka jera shi a bakin titunanmu, suka yi ta jigilar ruwa suna ba shi har ya kama, sun riga mu gidan gaskiya, amma a watan Afrilu, sa'ad da zafi ya haura maki 40, a ƙarƙashin aikinsu mai shayi da mai faci da mai ɗinkin hula da almajiri suke samun sararawa. Allah ya saka musu da alheri. Ɗan Maiduguri ba zai raina dashe ba.

Sai dai ina roƙon duk wanda ya shiga gonar dogon yaro ko ta turare, irin waɗanda aka dasa layi-layi a bayan garuruwanmu, ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasa. Me ya tsiro? A ƙarƙashin dogon yaro, yawanci 'ya'yansa ne kawai. A ƙarƙashin turare kuwa, sau da yawa busasshen ganye ne a shimfiɗe, ciyawa ma ba ta cika fitowa ba. Daga nan sai ya tambayi wani dattijo daga Magumeri ko Gubio ko Mafa abin da ake kira daji a ƙuruciyarsa. Zai lissafa masa aduwa da magarya da kurna da tsamiya da kuka da dakwara da bagaruwa da goriba da kalgo da sabara, a warwatse, da ciyawa a tsakaninsu inda shanu ke kiwo. Kowane ɗaya da aikinsa a cikin gida. Kuka ta miya ce, tsamiya ta kunu. Majemi da bagaruwa yake jima. Kabar goriba ita ce tabarma da igiya da faifai. A ƙasar da aka san ta da Alƙur'ani, allon da yaro ke riƙewa da icen aduwa ake sassaƙa shi, tawadar da ake rubutu da ita da ƙaron dakwara ake haɗa ta, ranar da aka koma ga Allah kuma ganyen magarya ake sa wa a ruwan wanka. Tun daga karatun fari har likkafani, dajin nan yana tare da mutumin Borno. Itace iri ɗaya, komai kyansa, ba zai ɗauki wannan kaya shi kaɗai ba.

Akwai kuma haɗari a dogaro da iri ɗaya, mun kuwa ɗanɗana shi. A shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye ya auka wa dogon yaro a yankin Tafkin Chadi, ya karkaɗe itatuwa masu yawa. Farkon shekarun 1990 aka sake ganin dogon yaro yana zubar da ganye yana bushewa daga sama a Jamhuriyar Nijar da Arewacin Nijeriya. Allah ya taƙaita abin. Da cutar ta yi ƙarfi, da inuwar gari guda ta tafi a lokaci ɗaya, tunda dukkanta jinsi ɗaya ce.

A Kudu an yi abin da ya fi wannan ciwo. A gandayen dajin Omo da Oluwa, an sare kurmi na asali aka maye gurbinsa da itacen malaina, don a ciyar da masana'antar takarda ta Iwopin, wadda ba ta taɓa yin aiki yadda aka tsara ba. A takarda, fili yana nan da itatuwa a kansa. A ƙasa, kurmin ya tafi. Duniya ma ta faɗa wannan rami. A 2011 aka ƙulla alkawarin birnin Bon na Jamus, wanda burinsa ya kai gyara hekta miliyan 350 kafin 2030. Da wasu masana suka bi diddigin alkawuran ƙasashe, suka buga sakamakonsu a mujallar Nature a 2019, sai suka tarar kusan kashi 45 cikin ɗari na filayen da aka yi alkawari gonakin itace iri ɗaya ne na kasuwa, alhali lissafinsu ya nuna dajin da ya farfaɗo da kansa ya ninka irin waɗannan gonaki kusan sau 40 wajen riƙe iskar da ke ɗumama duniya.

To, ina gurbin dashe? Gurbinsa ƙasar da ta mutu: faƙon da ruwa ke gudu a kansa bai shiga ba, tudun rairayi mai tafiya, ramukan da aka haƙi ƙasar gini aka bari, filin da aka tone har saiwoyi. A irin wannan wuri ko an killace shekara goma, daji ba zai dawo da kansa ba, don babu iri a ƙasa, babu kututture mai rai, rana kuma na ƙone duk abin da ya leƙo. Nan ne gonar itace take zama uwar goyo. A dasa masu jimiri da saurin girma. Inuwarsu ta sanyaya ƙasa, jikinsu ya karya iska, ganyensu ya zuba gara ta mai da shi taki, ƙasa ta buɗe ta fara shan ruwa. Tsuntsu da jemage su sami wurin sauka, su kawo ƙwayoyin 'ya'yan itacen da suka ci a wani wuri su zubar. Bayan 'yan shekaru sai ka ga magarya da kurna sun tsiro inda babu wanda ya shuka su. Masana daji sun ga wannan a ƙasashe masu zafi da dama, sun kuma ga sharuɗɗansa. Sai akwai sauran daji a kusa da zai ba da iri. Manyan ƙwallaye irin na goriba da giginya da aduwa, ƙaramin tsuntsu ba ya ɗaukarsu, dole mutum ya kai su ya binne. Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne na ƙarshe: idan 'yan ƙasa suka taso, sai a rage baƙin, a sassare su a ba na ƙasa haske. Uwar goyon da ta ƙi sauke yaro, ba zai koyi tafiya ba.

Ga misalin dashen da ya yi abin da aka dasa shi dominsa. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa ta Nijar, iska tana kwashe ƙasar gona tana binne shuka. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan daji da mutanen ƙauyuka suka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu a gicciyen iska, da tazarar kimanin mita 100 tsakanin shinge da shinge. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna amfanin gero ya ƙaru, a wasu gonakin da kusan kashi ɗaya cikin biyar, aka kuma riƙa sassabe rassan ana samun itacen girki da na gini. Abin da nake so ɗalibanmu su riƙe daga Majiya shi ne an ɗauki masu gadi, ana biyansu, suna kare dashen daga dabbobi har ya fi ƙarfin akuya. Ramin dashe aikin safiya ɗaya ne. Tsaro da ban ruwa na rani biyu ko uku, nan kuɗin yake, nan kuma muka saba janye hannu.

Yanzu in zo kan abin da na fi so mu tafi da shi gida, daga Maraɗi. A farkon shekarun 1980 wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashe a can, yawancin abin da ake dasawa kuma mutuwa yake yi. A 1983 ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ke warwatse a gonaki, waɗanda manomi ke sharewa duk shekara kafin shuka, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwoyinsu na nan da rai, sun nutsa ƙasa. Aikin da ake bukata wuƙa ce kawai: manomi ya zaɓi toho biyu ko uku mafi ƙarfi a kan kututture, ya yanke sauran, ya kare waɗanda ya bari. Toho mai tsohuwar saiwa ba ya neman ban ruwa, yana kuma wuce dashen leda nesa ba kusa ba. Manoman can suka sa wa abin suna sassabin zamani. An fara da barin kimanin itace 40 a hekta, mutane na ɗari-ɗari, suna tsoron inuwa da tsuntsaye za su rage musu hatsi. Da maƙwabci ya ga gonar maƙwabcinsa ta fi tasa, ga itacen girki a ƙofar gida, ga harawar dabba da rani, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. A Magarya da Matamai da Mirya na jihar Damagaram, gawo ne ya cika gonaki, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero haske, ya yi ganye da rani, ya ƙara wa ƙasa ƙarfi. Binciken da Chris Reij da Gray Tappan da abokan aikinsu 'yan Nijar suka yi da hotunan sama ya kiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Babu wani shirin dashe a duk faɗin Sahel da ya kusanci wannan adadi.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurin kakanninmu. Abin da ya hana ta aiki shekaru da yawa doka ce. Tun zamanin Turawa, itace na hukuma ne ko da a gonarka ya tsiro. Ka sare reshe, malamin daji ya ci ka tara. Wanda ya san haka, tun itacen yana ƙarami zai tumɓuke shi, kada ya girma ya jawo masa fitina. Da hannun hukuma ya sassauta a Nijar, dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙin manomi, sai itace ya zama dukiya, mai dukiya kuwa ba a koya masa gadi. Iyayenmu lawanai da bulamai, wannan magana taku ce kafin ta zama ta gwamnati. Idan mutum ya raini gawo a gonar aro, na wa ne ranar da mai gona ya karɓi abarsa? Idan mace ta raini aduwa, wa ke da 'ya'yan? Makiyayi zai sassabi reshe, ko sai ya nemi izini? Duk ƙauyen da bai warware waɗannan a gaban bulama ba, itace ba zai tsaya a cikinsa ba.

Dalilin da ya sa na daɗe a kan Maraɗi shi ne halin da Borno take ciki yau. Akwai gonaki a Bama da Dikwa da Gwoza da Kukawa da sauransu da rikici ya hana a noma shekaru da dama. Ƙasar da gatari da garma suka huta a kanta, toho yana tasowa ya zama itace. Ga shi ana mai da mutane garuruwansu. Mutumin da ya yi shekaru a sansani, ya dawo ya tarar gonarsa ta zama saura, abin da zuciyarsa za ta fara ba shi shi ne ya share ta ƙaf, ya cinna wuta, ya sayar da itacen. Ba na ganin laifinsa, yunwa ba ta jira. Amma a cikin wannan sassabe na farko ake yanke hukuncin shekara talatin masu zuwa. Idan ya bar gawo da aduwa da dakwara da magarya 30 ko 40 a hekta, ya sami abin da gwamnati za ta kashe maƙudan kuɗi ba ta samar masa ba. Cikin duk asarar da muka yi a shekarun nan, wannan toho na daga cikin 'yan abubuwan da suka ƙaru, kuma damina biyu ta isa a ɓarar da shi. Malamin gona ya kamata ya riga gatari isa ƙauyen.

Dakwara ma ta isa a tsaya a kanta, don tana ba da kuɗi tana tsaye. Borno da Yobe da Jigawa su ne gidan ƙaro a Nijeriya, kamfanonin lemon kwalba da alewa da magunguna na duniya kuma ba su daina nemansa ba. Itacen da ake tsaga da rani a sayar da ƙaronsa, mai shi ba zai mai da shi gawayi ba.

Game da baƙin iri kuwa, a yi hattara. An kawo wata ƙaya daga nahiyar Amurka, wadda masana ke kira Prosopis, don tsayar da rairayi. Ta tsayar, amma dabbobi suka ci 'ya'yanta suka yaɗa ta, ta mamaye busasshen gindin Tafkin Chadi, musamman ta ɓangaren Nijar, ta toshe hanyoyin masunta da makiyaya. Tafkin da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya janye, ƙayar ta gaji filin. Haka nan kada a ɗauki makiyaya da burtali a matsayin filin banza da za a cike da dashe. Dajinmu na asali da ciyawarsa yake, makiyayin da aka toshe wa hanya kuma shi ne zai fara karya shingen.

Mu dawo cikin gari. Tun daga 2009, musamman a 2014, jama'a suka kwararo Maiduguri daga ƙananan hukumomi, kowane gida kuma sai ya ɗora tukunya. Ga gidajen burodi, ga masu tsire, ga masu ƙosai. Itacen kusa ya ƙare, aka koma tonon saiwa, wanda shi ne mafi muni, domin saiwar ita ce jarin da sassabin zamani ke juyawa. Waɗanda suka nausa nesa neman itace, maza da mata, da yawansu ba su dawo ba. Allah ya jiƙansu. Dukkanmu muna cin abincin da aka dafa da itacen nan, saboda haka ba daidai ba ne a ɗora laifin a kan mai kura ko mai jaki shi kaɗai. Hana sara ba tare da an ba mutane madadi ba, farashi kawai zai tayar. A nan gonar itace take da aiki na biyu, kuma aiki ne mai daraja: a keɓe filaye a kewayen gari, a dasa don girki, a kira ta da sunanta, a raba ta kashi-kashi ana sara bi da bi. Dogon yaro yana sake toho bayan sara, ya dace da wannan. A haɗa da murhu mai tsimin itace da sauƙaƙa gas. Kowane dami da ya fito daga irin wannan gona, aduwa ɗaya ce ta tsira a daji.

Sai maganar ruwa. Ba wanda ya manta daren 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci rabin garin nan, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ɓallewar madatsa tana da dalilanta na gini da kulawa, itace ba zai maye gurbin injiniya ba. Amma kogin Ngadda daga fadamun Sambisa yake tasowa, inda ruwan Yedzaram da Gombole ke malala, kuma ƙasar da aka tsiraita tana turo ruwa da gaggawa, tana turo yashi ya cike tafki. Birnin Riyo na Birazil ya taɓa shiga irin wannan hali: an sare tuddan da ke bayansa don noman kofi, maɓuɓɓugan ruwan sha suka ja baya. A 1861 hukuma ta sa aka fara dasa tuddan Tijuka, dubun-dubatar itatuwa, galibinsu 'yan ƙasa iri-iri, aka kuma ci gaba da tsaron wurin. Yau kurmi ne sosai a tsakiyar birni. Gaɓar Ngadda da kewayen Alau suna neman irin wannan aiki, da tsamiya da kanya da maɗaci da giginya.

Kuɗi da hukumomi ba su ne suka yi mana ƙaranci ba. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, da burin gyara hekta miliyan 100 kafin 2030. Nijeriya ta kafa wa shirin hukuma da doka a 2015, Borno na cikin jihohi 11 da ya shafa. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa. Amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna hekta miliyan 4 kacal aka gyara a cikin zirin ganuwar, bayan shekara 13. A ganina babbar matsalar tana cikin abin da muke ƙirgawa. Muna ƙirga ledar da ta fita daga lambun raino, muna ƙirga ramin da aka haƙa ranar biki, sau da yawa a ƙarshen Agusta, ruwa na shirin ɗaukewa. Hadisin da malamanmu ke karanta mana daga Buhari da Muslim ya rataya ladan dashe ne a kan abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi. Itacen da ya bushe a watan Maris, ba wanda ya ci komai a jikinsa.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatar muhalli da duk mai ba da kwangilar dashe: a yi dashe a Yuli, a riƙe wani kaso na kuɗin sai an je an ƙirga masu rai bayan rani uku, a kuma ƙirga iri nawa ne, a buga sakamakon kowa ya gani. Jami'ar Maiduguri tana da Cibiyar Nazarin Yankunan Hamada, tana da ɗalibai masu neman abin bincike. A ba su wannan ƙidaya, su kuma zana mana taswirar inda saiwa ke da rai da inda ƙasa ta mutu, don kada a kai leda inda wuƙa ta isa. Iyayenmu sarakuna, ku tara jama'arku kafin sassaben bana, ku faɗa musu a bainar jama'a cewa itacen da mutum ya raina a gonarsa nasa ne da 'ya'yansa. Ku kuma manoma da ke komawa gida, don Allah kada ku share ƙaf, kada ku tone saiwa.